Kallo Muka Zo, Ba Karatu Ba

Bahaushe ya shafe fiye da shekara hamsin yana kallon fim ɗin Indiya ba ya jin abin da ake faɗi, bai kuwa taɓa kai ƙarar kowa ba. A gidajen sinimar Kano aka naɗa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, aka raɗa wa Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, duk babu tafinta. Daga baya su Algaita suka sa wa Indiyawa Hausa a baki, har ka ji ɗan sandan Mumbai yana magana da karin harshen Fagge. Mu mutanen zangunan Togo gata biyu gare mu: ga fassarar Kano tana shigowa ta waya, ga kuma gadon Faransa, ƙasar da ta fi son a canza wa baƙon fim murya kafin ya hau talabijin. Shi ya sa a tashar Novelas 'yar Meziko take kukan kishiya da Faransanci garau. To, ranar da aka kawo fim ɗin da mutanensa ke yarensu, aka ce kai ka bi rubutu a gindin allo, ranar ake sanin halin kowa.

Ban san wurin da ya fi teburin mai shayi a Sotouboua dacewa da wannan gwaji ba, nan bakin babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Kara ta kai Dapaong, inda manyan motocin Burkina ke tsayawa injin ya huce. Talabijin ɗin wurin aikinsa ƙwallo. A daren da babu wasa ne wani ɗan makaranta ya jona fim ɗin da ya karɓo wurin masu turi a Sokode: Millénium, na ƙasar Suwidin, wanda Niels Arden Oplev ya ba da umarninsa a 2009 daga littafin Stieg Larsson, ɗan jaridar da ya rasu a 2004 bai ga fitowar littafin nasa ba. Wani tsohon attajiri, Henrik Vanger, ya ɗauki ɗan jarida Mikael Blomkvist ya binciko masa ɓatan Harriet, 'yar gidansu, wadda aka neme ta aka rasa tun 1966, ga shi kuma duk shekara sai an aiko masa da busasshen fure irin wanda ta saba ba shi. Awa biyu da rabi, murya ta Suwidin, rubutu na Faransanci.

Wanda ya fara tayar da ƙayar baya shi ne Sarkin Yaƙin masu cewa kallo muka zo. “Kai yaro, in karatu nake so ai da lakwal na tafi. Babu mai Faransanci ne?” Ya miƙe, ya kaɗe riga, ya yi sallama da kowa. Bai tafi ba. A tsaye ya kalli fim ɗin har ƙarshe, hannu ɗaya a kan babur, duk bayan ɗan lokaci ya sake sanar da jama'a cewa shi fa tafiya zai yi. Shi ne kuma ya fara tambaya ko akwai na biyu. Akwai, har da na uku, duk a 2009 suka fito.

Kusa da allo kuwa Tafintan Dole ya kafa kujera. Babu wanda ya ɗauke shi aiki, kuma babu mai iya sallamarsa. Yana karanta Faransancin da ƙarfi, ya juya shi Hausa, sa'an nan ya waiwaya ya maimaita da Kotokolanci saboda maƙwabcinsa, wanda ya fi shi jin Hausa. Matsalar ita ce rubutun layi biyu ne, ba ya wuce daƙiƙa shida a allo, shi kuwa Tafinta ba ya fassara sai da shimfiɗa. Saboda haka kullum yana baya da zance uku: tsoho na share hawaye a allo, shi yana kan “ya ce masa sannu da zuwa, yaya hanya.” In layi ya kuɓuce masa, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Wannan surutu ne kawai.” In ya ga maganar ta yi gajarta, ya ƙara mata gishiri daga aljihunsa. A bakinsa duk mutanen Suwidin sun musulunta: lauya ya ce wallahi tallahi, ɗan sanda ya ce in Allah ya yarda, tsoho Vanger kuma ya ce a dubi zumunci. Abin haushin, fassararsa takan fi ta allon daɗi, har wasu suka daina duban rubutun suka koma duban bakinsa.

Abokin gabarsa Mushe ne, tsohon malamin firamare mai tabarau a kan hanci. Shi bai zo don Harriet ba, ya zo farautar kuskuren nahawu, kuma in ya kama ɗaya sai an tsayar da fim ya yi bayani. Bayansa akwai Mayar-Baya, wanda karatunsa bai kai saurin allo ba, amma ba zai taɓa faɗin haka ba. Wai hoton ne bai gani sosai ba.

Sai Mai Neman Bos. Wannan tarbiyyar fim ɗin Cana da na Amurka gare shi, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: cikin minti biyar a nuna masa jarumi, a nuna masa bos, ya san inda zai ajiye zuciyarsa. Aka nuna masa Michael Nyqvist a matsayin Blomkvist, magidanci mai sanyin jiki wanda tun farkon fim kotu ta kama shi da laifin ɓata sunan wani ɗan kasuwa ta yanke masa wata uku. “Wannan ne jarumin? To yaushe zai fara horo?” Ba zai fara ba. Aikinsa duba tsofaffin hotuna da shan kofi. Ran Mai Neman Bos ya ɓaci sosai, har sai da Noomi Rapace ta bayyana a matsayin Lisbeth Salander, 'yar siririya, baƙaƙen kaya, ƙarfe a hanci, ga kwamfutar da take shiga asirin kowa da ita, ga babur. Nan take ya sauya sheƙa, 'yan zemijan, wato masu acaɓa, da ke wurin kuma suka shiga gardamar ko babur ɗin nata zai iya hanyar Fazao da damina. Ƙaninsa Mai Jiran Waƙa ya fi ba ni tausayi. Indiyawa irin su Yash Chopra sun koya masa cewa duk inda aka ga dusar ƙanƙara, to, yanzu jaruma za ta fito da sari ta yi rawa. Ga dusar ƙanƙara har gwiwa, ga namiji ga mace, ya gyara zama yana kaɗa ƙafa. Aka wuce ɗakin ajiyar takardu. Har yau bai yarda cewa Suwidin daban, Suwizalan ɗin finafinan Indiya daban ba.

Mai Kwano ba ya buƙatar dogon bayani. Ya sayi shinkafa da wake, ya sunkuya ya kai loma, ya ɗago an riga an faɗi sunan wanda ake zargi. “Me ya ce?” Ɗan'uwansa na zamani yana yin haka da WhatsApp.

Direban tirela kuwa ya ga duniya tun daga tashar jirgin ruwan Lome har Cinkassé, don haka babu abin da Suwidin za ta nuna masa. Sanyi? Bai kai na Dapaong a watan Janairu da asuba ba. A duk fim ɗin abu ɗaya ne ya taɓa shi: tankar man da ta yi haɗari ta toshe gadar tsibirin da dangin Vanger ke zaune ranar da Harriet ta ɓace, abin da ya sa ake ganin mai laifin yana cikin waɗanda ke tsibirin a lokacin. Jama'a na lissafin wa da wa ke nan, shi yana cewa, “Birki ne. Na rantse birki ne. Irin wannan na gani a gangaren Aledjo.”

Akwai inda dariya ta tsaya. Fim ɗin yana da wuraren da ba na yara ba, kuma mai shayi ya yi daidai da ya kore su tun da wuri. Lisbeth tana ƙarƙashin wani lauya, Bjurman, wanda hukuma ta ɗora a kan kuɗinta da al'amuranta, shi kuma ya mai da amanar hanyar cin zarafinta, an kuwa nuna abin ba tare da sakaye ba. A nan Ustaz ya ja a'uziyya ya rufe fuska da hula. Na zaci tashi zai yi. Da ya buɗe fuska sai ya ce da na kusa da shi, “Malam, waliyyi ne fa. Amana aka ba shi.” Ya fahimci wurin fiye da Mushe da tabaraunsa. Can gaba, da aka gano lambobin da Harriet ta rubuta a littafinta ba na tarho ba ne, ayoyi ne na Littafin Firistoci, sai ga Ustaz da wani Bakabiye mai koyarwa a coci sun haɗa kai suna bin lissafin, kowa yana so ya riga ɗan jaridar.

Na-Taɓa-Gani ya so ya lalata mana komai. Ya kalli wanda Amurkawa suka sake yi a 2011 da Daniel Craig, saboda haka yake ta cewa, “Ku jira, yanzu James Bond zai shigo.” Allah ya taimake mu, rabin abin da ya tuna daga wani fim ne.

Amma a wurina gwanar daren ita ce Hajiya mai ƙosai, wadda ba ta shiga lakwal ba, ba ta kuma saurari Tafinta ba. Tana juya ƙosai tana satar kallon fuskoki: wa ya kau da ido, wa ya cika fara'a, wa ya yi saurin miƙa wa baƙo abin sha. Fim bai kai rabi ba ta nuna wani da matsami ta ce, “Ɗana, ka ga wancan mai yawan kirkin? Ku riƙe shi.” Aka yi mata dariya. Ta ce, “Yarinya ta ɓace a gida shekara arba'in, dangi kowa ya kama bakinsa, ku ce daga waje ne?” Ba zan gaya muku ko ta canka ba, sai dai daga baya babu wanda ya sake yi mata dariya. Abin da ta gani shi ne labarin ba baƙo ba ne. Babban gida mai dukiya, 'yan'uwan da ba sa ga-maciji da juna amma suna zaune unguwa ɗaya saboda gado, mugun abu da aka binne don kada sunan gida ya ɓaci, da 'ya mace da ta rasa wanda za ta gaya wa. Wanne ne a ciki ba mu sani ba? Da zance ya kai nan, wurin ya yi tsit, Tafinta ma ya koma karatu a zuci, kowa yana bin rubutun bai san yana bi ba.

Ni dai ban yarda yare ne ke korar mu ba. Mun saba kallo da hannu a kwano, baki a hira, ido rabi a allo rabi a titi, shi kuwa rubutu sai an ba shi ido duka. Ga kuma wanda Faransancin ne ya yi masa nauyi, kunya ta hana shi faɗi, sai ya fake da zagin fim. Mutanen Suwidin da kansu da rubutu suke kallon finafinan waje tun suna 'yan makaranta, muryar finafinan ƙananan yara kawai suke canzawa. Mu ma ai haka muke yi wa wasu: finafinan Kannywood da Turanci a gindi suke zuwa wa wanda ba ya jin Hausa, wani Turancin ma sai an yi masa addu'a.

Don haka roƙona ga masu fassara na Kano da masu turi na Sokode, a gwada mana rubutun Hausa a ƙasan irin waɗannan finafinai, a bar mutane da muryoyinsu. Kai kuma mai karatu, in za ka gwada Millénium, ka ci abincinka tukuna, ka tura yara su kwanta, ka kife waya, sa'an nan ka zauna nesa da Tafinta.