Kai da Ka Ce a Hankali Kake Tafiya

Tun ranar da na faɗa a majalisarmu ta Hanwa cewa akwai wata 'yar na'ura, da kaɗan ta fi kwalin ashana, mai iya faɗin gudun babur kafin ya gifta, ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wani ya ce ƙaryar 'yan boko ce. Wani ya ce iskar Samaru ce ta fara kaɗa ni. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa ɗan acaɓa ne da allurar mitarsa ta mutu tun babur ɗin yana cikin leda. To, masu musu, ku gyara zama.

Sunanta HB100, kuma wutar da ke cajin waya ta ishe ta. Igiyar rediyo take harbawa, mai kaɗawa sau biliyan 10.5 a daƙiƙa. Idan igiyar ta bugi abin da ke tahowa sai ta dawo a matse, yawan matsewar kuma shi ne gudun: kowace kilomita ɗaya a awa tana ƙara kaɗawa kusan 19 da rabi. A sa mata amfilifaya, a jona ta da 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Arduino, lamba ta fito a allo. Babu layu, babu turare.

Na ji tsakinka, Malam. Ai kunnenka ma wannan aikin yake yi, albashi ne kawai ba ka ba shi. Tsaya bakin titin Sakkwato, tsakanin Kwangila da Samaru, ka saurari direban bas da ya danne hon. Yana tahowa muryar siririya ce, yana giftawa ta yi kauri, alhali hon ɗin ɗaya ne. Christian Doppler, mutumin Ostiriya, shi ya bayyana dalilin haka a 1842. A 1845 wani Buys Ballot a Holan ya ce sai ya gwada, ya ɗora masu busa ƙaho a jirgin ƙasa, ya jera masu saurare a gefen dogo. Shi har jirgi ya nemo don a kashe gardama. Ku kuwa ko daga kan benci ba ku tashi ba.

Don kada ku ce na ɓoye aibin amarya: ba ta hangen nesa, abin da ya wuce mita 20 sai a hankali. Akuya ta gifta, sai ta auna akuya. Tirela da babur su jero, tirelar take ji. Idan kuma aka saita ta a karkace, sai ta faɗi ƙasa da ainihin gudun. Kafin ka yi murna, ɗan'uwa mai acaɓa, ma'anar wannan ita ce idan ta yi irin wannan kuskuren, asiri ta rufa maka.

Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa. Mai murza totur zuwa 80 yana cinye mita 22 a kowace daƙiƙa, a titin da yara ke tsallakawa da safe da yamma. Na'urar ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro, rantsuwa kuma ba ta motsa ta. In har yanzu kana musu, zo da babur ɗinka bayan La'asar, shayi a wuyan wanda ya faɗi. Amma kafin nan, don Allah ka biya wurin bakanike a gyara maka allurar nan.