Likitocin Firji

A garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40, mutuwar firji ba ƙaramin rashi ba ne, balle ta faɗo cikin azumi. Kafin ruwan ƙanƙarar da ta narke ya gama malala a tsakar ɗaki, gida ya cika da masana.

Mai riga kowa zuwa shi ne Malam Gas-ne. Ba ya buɗe firjin, ba ya leƙa bayansa, daga zaure yake yanke hukunci: "Maigida, ai gas ne ya ƙare." Ƙwan fitilar ciki ya mutu, gas ne. Ƙofa ta ƙi rufuwa, gas ne. Ɓera ya gwaguye waya, to shi ma dai a duba gas. A tunaninsa firji kamar tukunyar gas ɗin girki yake, ana sha yana raguwa. Alhali gas ɗin firji ba ƙonewa yake ba, zagaye kawai yake yi cikin rufaffen bututu: kwamfiresa ya matsa shi, ya sauke zafinsa a ragar baya, ya bi ta wani siririn bututu ya faɗa ɗakin ƙanƙara, ya kwaso zafin abinci, ya koma inda ya fito. Sai ya shekara ashirin yana wannan safa da marwa. In ya ragu, huji ne a wani wuri, kuma kumfar sabulu kan tona asirinsa. A ɗura sabo ba a toshe hujin ba, bayan 'yan makonni sanyi ya sake gudu, Malam Gas-ne ya dawo yana murmushi: "Ban gaya maka ba?"

Mai mari ba ya doguwar magana. Tafi biyu a gefe, ƙafa ɗaya a gindi. Ranar da aka yi dace wata sakakkiyar waya ta haɗu, shi ke nan ya zama injiniyan unguwa har tsufansa.

Wanda ya fi su ɓarna shi ne mai wuƙa, kuma yawanci mutumin kirki ne mai son tsafta. Ya ga ƙanƙara ta yi tudu a firiza har kwano ba ya shiga. Maimakon ya zare soket, ya bar ƙofa a buɗe, ya ajiye roba da ruwan ɗumi a ciki ya tafi harkarsa, sai ya ɗauko wuƙar yankan albasa, wani ma sukundireba da muciya. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan a ji "fiiis". Wannan 'yar ƙara ita ce numfashin ƙarshe, domin bututun gas a cikin bangon alminiyon nan yake kwance. Zai lallaɓa ya mayar da wuƙar, ya rufe ƙofa a hankali, da yamma a gan shi cikin masu jajanta wa maigida. Da ya tambayi abin da ke tara ƙanƙarar ma, da ya huta. Sau da yawa robar bakin ƙofa ce ta saki, iska mai laima tana kutsawa. A maƙala takarda a rufe ƙofa a kanta. In ta zaro salin-alin, robar ta gama aiki.

Akwai kuma sarkin gaggawa. An ɗauke wuta, ya ruga ya tayar da ƙaramin janareta; an dawo da ita, ya ruga ya juya; an sake ɗaukewa, ya sake rugawa. Duk wannan firji na jone. Kwamfiresa kuwa in ya tsaya yana son minti biyar ko kusa da haka kafin matsin gas ɗin ya daidaita, in ba haka ba ya yi ta yunƙurin tashi yana kasawa. Haka yake wahala in wutar ta zo da rauni, irin wadda fanka ke juyawa kana ƙirga fukafukanta. Ka ce masa ya sayi sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, ya ce tsada. Kwamfiresa fa? Allah zai hore. Shi ne dai wanda zai kwanto firji a bayan a-kori-kura daga kasuwa, a sauke ya jona nan take, bai bari ya tsaya a miƙe na 'yan awoyi man injin ya koma mazauninsa ba.

Hajiya mai lodi ba ta yarda firjinta ya lalace ba, ƙyuya ce kawai yake yi. A ciki akwai cinyar ragon layya, ƙullin zoɓo da kunun aya na sayarwa, buhun fiya wata, naman maƙwabta gida uku, da tukunyar miya da aka sauke yanzu tana tururi. An toshe duk kafar da iska ke bi. An manna bayansa da bango kusa da murhu, ragar baya ta yi bargo da ƙurar hunturun bara. "Hajiya, a ɗan rage kaya, a ja shi gaba, a kaɗe ƙurar." Ta dube ka sheƙeƙe: "To in ba a sa kaya ba, me aka saye shi ya yi?" Ba ni da amsar wannan.

Daga nan sai masu gyara, su ma kala-kala ne. Akwai Ina-zuwa. Ya iso da jaka da tocila, ya kwance bayan firji, ya tsotsi haƙori, ya girgiza kai, ya ce kwamfiresa ya ƙone. Ya karɓi kuɗin kaya, ya ɗaure tsohon injin a bayan babur, ya ce bari ya je kasuwa ya dawo. Wayarsa takan mutu a daidai kwanar layinku. Akwai Komai-gas-ne, ƙanin Malam na farko, wanda ke ɗura duk abin da ke cikin silindarsa. Gas kuwa ba ɗaya ba ne. Tsofaffin firji na amfani da R12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda illarsa ga lemar ozon. Bayansa aka yi yayin R134a. Yawancin sababbi yanzu R600a ne, kuma wannan yana kamawa da wuta, ba a wasa da wutar walda kusa da shi. Kowanne da irin injinsa da irin mansa, kuma a rubuce yake a jikin kwamfiresa ga mai niyyar karantawa.

Na kirkin shi ne mai kunne. Kafin ya buɗe jaka sai ya tsuguna ya saurara. Ya ji injin ya yi gurnani na 'yan daƙiƙu, ya ce "ƙat", ya yi shiru, can ya sake. Sai ya zare wani ɗan baƙin abu daga gefen kwamfiresa, wanda suke kira rile, ya kaɗa shi a kunne. In ya ji ɓaraguzai na kacau-kacau a ciki, ya ce, "Alhaji, wannan ne, je ka sayo irinsa." Kuɗinsa bai kama ƙafar na kwamfiresa ba. Abin haushi, irin wannan mutum ba a cika ganin girmansa ba. Maigida zai raka shi ƙofa yana tunanin anya yaron nan ya san aiki, tunda bai ambaci kuɗi mai nauyi ba.

A layin masu kayan gyara, ko a Sabon Gari ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko Alaba ta Legas, nan ake haɗuwar gwanaye biyu. Mai saye ya zo hannu rabbana, babu tsohon abin da ya mutu, babu hoton 'yar takardar da ke manne a jikin firji mai ɗauke da lambar samfuri da irin gas.

"Oga, robar ƙofa nake so."

"Ta wane firji?"

"Fari ne, dogo haka, ya kawo mini nan."

"LG ne, ko Thermocool, ko Hisense?"

"Na kayan ɗakin uwargida ne dai."

Mai shago bai taɓa cewa babu ba. Zai zaro wata ya kaɗe: "Wannan tana shiga kowanne." Komai nasa orijina ne, sai dai orijinan hawa uku ne: akwai na kwali, akwai na Beljiyam da aka ciro daga gwanjo, akwai kuma wanda zai rage murya ya ce, "Wannan ni ma shi na sa a gida." Ka ce a gwada kwamfiresan gwanjo a gabanka, a rubuta maka rasit da sharaɗin canji, sai fara'ar ta ragu. Kusa da kai kuma ga wani yana neman a ceto masa firjin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, mai cin wuta 120, wanda ya jona kai tsaye a tamu mai 230, ya ce ƙauri kawai ya ji.

Na ƙarshe shi ne wanda ya sallama. Firjinsa ya mutu tun yaran suna firamare, bai gyara ba, bai sayar wa 'yan gwangwan ba, don kaya ne na mutunci. Yana nan a falo da kyalle mai ado a ka. Hawan sama takardun fili da katin asibiti, na tsakiya gwangwanin madara da sukari saboda tururuwa, na ƙasa takalman sallah. Ka tambaye shi yaushe za a gyara, ya ce ai ana kan magana da wani yaro. Baƙo ya nemi ruwan sanyi, ya miƙe da sauri ya buɗe firjin, ya ɗauko kofi, ya nufi randa.