Shafi Na 49

Littafin ya iso ne bayan an riga an yi addu'ar buɗe taro. A cikin a-daidaita-sahu yaron maɗaba'a ya kawo shi, kwalaye a ɗaure da igiyar leda, gam ɗin bango ko gama bushewa bai yi ba. Duk wadda ta taɓa buga littafi da kuɗin adashinta a Kano ta san wannan ba labari ba ne. Mai maɗaba'a zai yi ta ce miki "gobe in sha Allahu" tun daga azumi har bayan babbar Salla: yau babu wuta, gobe takarda ta hau, jibi mai injin ya tafi suna ƙauye. Ni dai da na ga sunana a bango, ga hoton yarinya ta zuba tagumi, sai na yi hamdala, na sa ƙannena suka yanke igiya suka hau raba wa manyan baƙi. Kafin in zauna mai gabatarwa ya kira mai sharhi.

Mai sharhin Dakta ne daga jami'a, mutumin kirki, mai murya a cike. Kuma bisa al'adar duk mai sharhin littafin Hausa da Allah Ya halitta, sai da ya faro daga 1933. Gasar Rupert East a Zariya, Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar. Ya gangaro Kamfanin Gaskiya, ya tsaya ya sha ruwa a 1980 wajen So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, ya shigo Kano ya gaisa da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, ya ɗan taɓa faɗa da waɗanda suka raɗa wa littattafanmu "adabin kasuwar Kano". Kafin ya iso kaina an gama shan lemo, wakilin babban mai ƙaddamarwa (shi Alhajin, wani uzuri ya taso masa a Abuja) ya fara leƙa agogo.

Sai Dakta ya ce akwai wani wuri a littafin nan da ya sa shi ajiye takarda ya yi shiru, lokacin da ya karanta kwafin da na gurzo masa a kwamfuta. Na san wurin. Daren da za a kai Hindatu gidan Alhaji a matsayin ta uku, Nasiru ya zo sallama. A waya na rubuta shi, da babban yatsa, bayan yara sun yi barci, ina rubutu ina jan hanci. Na gyara zaman mayafina, na sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabo.

Ya ɗauki sabon kwafi, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi na 48, ya matso da bakinsa jikin lasifika.

"Nasiru ya tsaya a soro, fitila na rawa a hannun Hindatu. Ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, kafin gobe a kai ki gidan Alhaji, abu ɗaya nake so ki riƙe daga gare ni, shi ne..."

Ya tsallaka shafi na gaba.

"...a tabbata an shimfiɗa garin katako a ƙasa, kaurinsa ya kai inci biyu, a kuma hura kaskon gawayi tun kafin su iso. Da sun sauka a fara ba su ruwa da gulukos kafin abinci."

Da ya tsaya a nan, da na ce Allah Ya rufa asiri. Amma mutumin da ya taho da gudu tun daga 1933 ba ya taka birki a jimla ɗaya. Muryar nan dai ta Nasiru, mai rawa, mai neman kuka, da ita ya ci gaba:

"Idan aka ga sun cunkushe waje ɗaya, sanyi suke ji. Idan suka watse jikin bango suna haki, zafi ya yi musu yawa. Wadda ta mutu a cire ta nan take, kada sauran su tattake ta."

Daga can baya wata mata ta ce, "Allah sarki!" Da ƙarfi ta faɗa, daga zuci. Na tabbata gidan kishiyoyi ta hango.

Tun jiya nake maimaita wannan lokacin, kuma kowane maimaici da sabon abin da nake ganowa. Na ga maigidana ya duƙufa yana nazarin takalminsa, takalmin da ya shekara yana sawa bai taɓa kallo ba. Na ga mai ɗaukar bidiyo, wanda na biya kuɗi don ya ɗauki tarihi, ya juyo da kyamara ya kafa ta a fuskata, ya ma ɗan tako gaba don kada tarihin ya kuɓuce masa. Na ga ƙawayena marubuta a layi na biyu sun buɗe nasu kwafin lokaci ɗaya, ƙarar takarda ta ratsa zauren, sannan kafaɗu suka fara girgiza a ƙarƙashin mayafai. Na ga surukata Hajiya tana gyaɗa kai a hankali. Shekarun nan duka ba ta taɓa yarda cewa rubutun ƙagaggen labari sana'a ba ce, ga shi yau na rubuta abin da ta amince da shi ɗari bisa ɗari. Tana da kaji a bayan gida. Ni kuwa murmushin kunyar yabon nan yana nan maƙale a fuskata, na rasa ta inda ake sauke shi.

A kan Gumboro Dakta ya tsaya. "A mako na biyu a ba su rigakafin Gumboro a ruwan sha," in ji Nasiru, sai shiru. Lasifika ta yi ɗan kukanta. Dakta ya cire tabarau, ya juya littafin ya dubi bango. Sunana. Ya dawo ya dubi lambar shafi. 49, daidai wa daida, babu tsallake. Ya dube ni. Na dube shi. A idonsa na ga tambaya mai tsanani, ta malamin da ke tunanin ko dai marubuciyar ta canza wurin bayan ta ba shi kwafi.

Ya mayar da tabarau, ya gyara murya.

"Jama'a," ya ce, "wannan shi muke kira alamci a fagen nazari. 'Yan tsakin nan su ne 'ya'yanmu mata da ake kaiwa gidan miji da ɗanyen ƙashi. Gawayin kuma..." Ya ɗan yi jim. "Gawayin, al'umma ce."

Aka tafa. Wallahi aka tafa, har da guɗa. Wakilin Alhaji ya miƙe ya ce Alhaji ya sayi kwafi goma a kan kuɗin da za a sanar nan gaba, ya kama hanya.

Yadda abin ya faru bai da wuyar fahimta, mai maɗaba'ar ya bayyana min a waya cikin natsuwar da ta ba ni haushi. Shafi goma sha shida ake bugawa a babbar takarda ɗaya, a naɗe ta, sannan yara su bi tuli-tuli suna ɗaukar ɗaya daga kowanne suna jerawa, a sa gam a manna bango. A makon nan akwai wani bawan Allah da ya kawo littafin koyar da kiwon kaji, girmansa ɗaya da nawa. Tuli na huɗu na kowannenmu daga shafi na 49 ne zuwa 64. "Hajiya, ƙaddara ce," in ji shi. Na tambaye shi ina nawa shafukan. Ya ce ai mai kajin ya riga ya kwashi kayansa tun shekaranjiya. Ke nan yanzu haka akwai manomin da ke neman maganin zawon kaji, ya juya shafi ya tarar da Hindatu tana kuka a ɗakin amarya.

Abin da ya sa na nace sai na buga a takarda shi ne in huta da WhatsApp, inda za ki buɗe rukunin masu biya, kafin gari ya waye wata ta kwafe littafin ta watsa kyauta. Kafin Magariba hoton shafi na 49 ya zaga duk rukunonin nan. Shi kaɗai. Ko satar sauran ba a yi ba.

Ina zaune a kan kwali a bakin zauren, masu hayar kujeru na lodi, sai ga Baba mai gadi ya jawo benci. Ashe ta taga ya saurari taron duka, an kuma ba shi kwafi, har ya sa jikansa ya karanta masa wurin.

"'Yata, kwantar da hankalinki," ya ce. "Na daɗe a ƙofar nan. Littafin ƙaddamarwa ba karanta shi ake ba, a kan talabijin ake ajiyewa."

Na ce, "Baba, ai an karanta. A lasifika."

"To wa ya ce a gayyato mai karatu? Nan gaba ɗan siyasa za ki ba, ya ɗaga shi sama a ɗauki hoto, shi ke nan."

Na yi shiru. Ya ɓare goro, ya miƙo min rabi, ya ci gaba. A ganinsa kada in mayar wa mai maɗaba'a ko kwafi ɗaya. In ƙara kuɗi ma, tunda littafi biyu ne a bango ɗaya. In daina wahalar kai wa masu shagon littattafai, waɗanda za su karɓa bashi su ce sai an sayar. In kai wajen masu sayar da abincin kaji, su kuɗi hannu suke ciniki. Kuma tunda mu marubuta mun saba raba labari kashi-kashi, a ƙarshe mu ce mu haɗu a littafi na biyu, to in rubuta a bango cewa a na biyu za a ji ko kajin sun rayu.

Sai kuma ya ɗaure fuska. "Amma akwai gyara. Garin katako mai laushin nan, tsaki na tsattsagarsa, yana shaƙe su. Ɓuntun shinkafa za ki ce. In za ki sake bugawa ki gyara, kada ki ɗauki alhakin mutane."

"Baba, ba ni na rubuta wurin ba."

"Sunan wa ke bango?"

Na buɗe baki na rufe. Ya tauna goronsa, ya dubi yarinyar bangon mai tagumi, ya ce, "To wai shi yaron, me ya so ya gaya mata tun asali?"

Duk zauren babu wanda ya tambaya sai shi. Na gyara zama, na faɗa masa da ka, a hankali, yadda na so a ji shi a lasifika: duk inda aka kai ki, zuciyata ta riga ki isa can.

Baba ya yi shiru yana juya maganar.

"Zuciya," ya ce. "Dafawa za ta yi? Ai gara da ya ce ta hura gawayi. Gobe ki taho min da shafi na 65, ban ji ranar da ake ba da Lasota ba."