Kirista a Hanyar Batsari? Ku Gama Dariyar Tukuna

Na san halinku. Tun ban buɗe baki ba kun riga kun wasa tambayar: "Malam, Kirista a Batsari? A Safana? Ko dai Kafanchan za ka, direba ya yi kwana da kai?" Ku dara son ranku, ba zan ce ƙarya kuke ba. Ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina ƙasar Musulmi ce tun kaka da kakanni, Kiristan da ke cikinta kuwa ba su taka kara sun karya ba: malamin makarantar da aka turo, ma'aikaciyar asibiti, ɗan sanda, mai shagon magani, mai sayar da kayan gyaran babur. Wanda ke son ganin coci cike maƙil sai ya miƙa kudu, Malumfashi da Kafur da Bakori da Funtuwa, inda jikokin Maguzawa ke rera waƙar sujada da Hausar da ta fi ta wasunku nauyi. Daga can ne ma aka samu Gerald Mamman Musa, wanda aka naɗa bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katolika ta Katsina a Disambar 2023. Mai cewa Bahaushe ba ya Kirista, sai ya je ya faɗa masa da Turanci, ya ji da wane harshe za a ba shi amsa.

Amma da gangan na zaɓi inda muke 'yan tsiraru. Inda coci ya cika, mutum na iya ɓuya a bayan ganga da ƙungiyar mawaƙa har ya tsufa ba a san halinsa ba. A Batsari ba wurin ɓuya. Duk unguwa ta san ƙofarka, kuma littafin da maƙwabcinka zai karanta game da Almasihu shi ne yadda kake biyan bashi da yadda kake zaman makoki.

Wani Bagobiri abokin wasana, ku yi masa uzuri, Bagobiri ne, ya daɗe yana tsokanata cewa mu Kirista mun tsinci dami a kala. "Ku dai kun huta," in ji shi. "An ce an yafe muku kyauta, wai alheri. Ba ciniki, ba awo. Ni ma da haka ake cin kasuwa da tuni na yi bene a Sabon Birni." To, Bagobiri, matso kusa. Akwai wani misali da Yesu ya bayar a Matiyu sura 20, na mai gonar da ya ɗebi 'yan ƙwadago, wasu da sassafe, wasu da rana tsaka, wasu dab da tashi, da yamma ya biya su duka lada ɗaya. Ka kai wannan hukunci gonar rogo a Wagini ka gani. Kafin magariba an kai ƙara gun mai gari, kuma wanda ya yi sammako shi zai fi kowa ɗaga murya. Alheri ba ya yi wa mai ganin ya cancanta daɗi. Yana ƙwace masa abin da ya fi so, wato damar ya kalli wani ya ce na fi ka. Wanda ya yarda cewa ba guminsa ya saya masa gafara ba, ya kuma rasa hujjar ajiye littafin laifin mutane a ƙarƙashin matashinsa. Ka ce wannan araha ce? Gwada yini guda ba ka ƙirga abin da kishiyar babarka ta yi maka ba, sannan ka dawo mu yi maganar farashi.

Na ji wani daga baya yana cewa, duk wannan zaƙin baki ne, a nuna mana a ƙasa. Madalla da kai, ka rage mini aiki. Ka hau motar Batsari daga Katsina. Ba za ka yi nisa da barin gari ba za ka iso Babbar Ruga. Yawancinku kun sha wucewa ta nan kuna gyangyaɗi.

A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka damƙa wa mishan ta SIM kula da masu cutar kuturta a wannan wuri, kamar yadda aka ba su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Ku tuna wane lokaci ne. Turawan mulki ba sa barin 'yan mishan su yi wa'azi yadda suke so a ƙasashen sarakuna. Ƙofar da aka buɗe musu ita ce wadda kowa ke toshe hanci in ya zo wucewa. Ku tuna kuma yadda muke ɗaukar kuturu a lokacin, har karin maganarmu cike take da yi masa ba'a. A ware masa ƙwarya, a ware masa tabarma, in ya yi sallama a amsa daga nesa. Maganin kirki ma babu. Allurar wani mai ake yi da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiyar ƙasar Indiya, mai zafin tsiya, amfaninta kaɗan. Sai wajen ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dafson ta fara shigowa, haɗin magungunan da ke warkar da cutar sarai kuwa sai farkon shekarun 1980. Ke nan an yi shekaru ana aikin da ba ya da wani abin alfahari: wanke gyambo, naɗe shi, gobe a kwance a sake wankewa. Kuma ba Turawa kaɗai ba, kada ku ba su ladan da ba nasu ba. Da yawan masu wankin da ba da maganin 'yan ƙasa ne, wasunsu ma majinyatan da suka samu sauƙi suka koyi aikin.

Yanzu ɗan boko zai gyara tabarau ya ce, ai tarko ne, magani a hannun dama, Littafi a hannun hagu. Ranka ya daɗe, ba ka gano wani asiri ba. 'Yan mishan ba su taɓa ɓoye cewa suna son mutane su bi Almasihu ba, an kuma yi ta kai ruwa rana da hukuma a kan iyakar wa'azinsu, musamman ga yara. Inda aka matsa wa mai rauni don yana kwance, an yi laifi, ba na wanke shi. Amma ka yi mini lissafi ɗaya, tunda kai mai lissafi ne. In tarko ne, to an yi asarar tarko, don mafi yawan waɗanda suka kwanta a can da sallarsu suka zo, da ita suka koma gida. Washegari kuma aka sake ɗora ruwan zafi aka ci gaba da wankin ƙafar wanda ya ce a'a. Wane ɗan kasuwa ne zai yi shekara talatin yana zuba jari inda riba ba ta fi cikin cokali ba? Luka sura 17 ta ba da labarin kutare goma da Yesu ya warkar, ɗaya tak ya dawo godiya, ba a kuma ce ya mayar wa taran cutarsu ba. Wannan ne ma'aunin, kuma mu kanmu masu zuwa coci sau da yawa ba ma kaiwa.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan. Yau Babbar Ruga ta fi suna da aikin yoyon fitsari, wanda Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara a shekarun 1980, har wurin ya zama cibiya ta ƙasa. Na gwamnati ne, yawancin ma'aikatansa Musulmi ne, ba ina ƙoƙarin rubuta su a rajistar coci ba ne. Abin da ke burge ni kawai, fili ɗaya ya yi ta karɓar waɗanda gida ya ƙi saboda wari, jiya kutare, yau matan da miji ya kora.

To, mu zo inda dariya ke yin wuya. Masu shakkar da suka fi ba ni ciwon kai ba Bagobiri ba ne, ba kuma ɗan boko ba. 'Ya'yanmu ne na cikin ikkilisiya. Saurayi zai tsare ka bayan sujada ya ce, "Kawu, kullum ku ce mu miƙa kai ga Allah, mu yafe, mu ƙaunaci maƙiyi. Mu yi ta yafewa su yi ta kashewa ke nan?" Wannan yaro ba shashasha ba ne. Ya san abin da ya fito daga dajin Rugu. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A Afrilun shekarar an kashe 47 a ƙauyukan Ɗanmusa da Dutsinma da Safana. A Satumbar 2021 har layin waya aka rufe wa yankin, mutum ya shiga mota ya yi tafiya kafin ya gaida ɗan'uwansa. Waɗanda aka kashe a waɗannan ƙauyuka Musulmi ne talakawa, in faɗa wa masu son mayar da komai yaƙin addini. Mu ma an taɓa mu: a Mayun 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, a Mayun 2022 aka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara a Gidan Mai Kambu ta Kafur, suka yi sama da wata guda a hannun ɓarayin daji. Harsashi ba ya tambayar suna.

Ɗana, ga amsata, kuma ba ta da zaƙi. Wanda aka ce ka sallama wa ranka shi ne Allah, ba mai bindiga ba. Manzo Bulus da ya fi kowa wa'azin alheri, da aka miƙe shi za a yi masa bulala ba shari'a, bai yi shiru ba, tsayawa ya yi ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Rum har masu bulalar suka ja da baya. Saboda haka ka yi gadin unguwa tare da maƙwabtanka, ka kai rahoto, ka tsare ɗan majalisarka da tambaya har ya riƙa canza hanya in ya hango ka. Abu ɗaya ne aka karɓe daga hannunka, shi ne ramuwa. Kuma kafin ka ce an cuce ka, dubi abin da ramuwa ta saya wa yammacin Katsina. An sace shanu, aka tare Bafulatanin da bai san hawa ba bai san sauka ba a kasuwa aka kashe, danginsa suka shiga daji, aka ƙone ƙauye, aka rama a kan ruga, aka sake ramawa a kan ƙauye. Kowa a cikin jerin nan yana da gawar da yake nunawa, kowa kuma ya rantse shi ba shi ya fara ba. Dole wani ya zama na ƙarshe a layin, ya haɗiye nasa. Ba na ce da sauƙi ba. A Getsamani ma ba da murmushi aka sallama ba, sai da aka roƙa a ɗauke wahalar tukuna.

Sulhu fa? A nan kuke so ku kama ni, na gan ku. Tsohon gwamna Masari ya yi nasa da ɓarayin daji a 2019 ya wargaje, shi da bakinsa ya ce an ci amana. A 2025 al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana sun sake zama da mutanen daji. Ba zan zagi manomin da ya je wannan zama ba, don shi ke kwana a bakin daji, ni ina rubutu a inuwa. Amma kada wani ya zo ya ce mini ai gafarar Kirista ke nan. Gafara tana fitowa daga bakin wanda aka zalunta, ba a sa masa hannu a madadinsa. Kuma yafewar gwauruwa ba ta sauke wa hukuma nauyin karɓe bindiga da yin shari'a. Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba a Luka sura 19, dukiyar mutane ya fara mayarwa har ninki huɗu. Mai tuba da bindiga a kafaɗa da shanun mutane a garke, a gaya masa muna jiran sauran tuban.

Alhaji, tun ɗazu nake ganin kana motsa carbi kana so ka ce, ai duk wannan muna da shi, haƙuri da tawakkali da haƙƙin maƙwabci. Wa ya hana ka? Ni ne farkon mai shaida. A Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista sama da 200 a masallacinsa da gidansa a ƙasar Barikin Ladi, ya tsaya a ƙofa da tsufansa. Mun bambanta a kan wane ne Yesu da abin da ya faru a kan gicciye, bambancin kuma ba ƙarami ba ne, ba sai mun yi wa juna ƙarya ba. Amma in gasa kake so, mu yi ta a nan, a ga wanda zai riga wani kai wa marayun Tsauwa hatsi. Ko ka ci ni, ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Ku kuma nawa, dattawan ikkilisiya da iyayenmu na Zumuntar Mata, kada ku ɗauka zolayar ta tsallake ku. Kaka na zuwa, za a jibge buhunan baikon godiya a gaban bagade, a yi rawa, a yi gwanjo. A garin Batsari da cikin Katsina akwai matan da suka baro ƙauyukansu da yara, suna raɓe a kangaye da zaurukan dangi, kusan dukansu ba 'yan cocinku ba ne kuma ba za su zama ba. Ku ware musu buhu tun kafin a fara maganar fentin coci. Ku kai wa mai unguwa ya raba, shi ya san wadda ta kwana ba ta ɗora tukunya ba. Mai ɗaukar hoto kuwa ku bar shi a gida.