Wasiƙa daga Holan: mutumin da sauƙi ya dama

Taubashi,

Ina lafiya, aiki da godiya, sanyi kuma ya sauko da ƙarfinsa. Saƙon Inna ya iso. To gyara zama ka sha labari.

Na sha gaya maka Holan ƙasar keke ce. Kekunan sun fi mutanen yawa, a tashar jirgin ƙasa ta nan Utrecht ma akwai ma'ajiyar da ke cin keke 12,500 a lokaci guda. Ƙasar a shimfiɗe take, tudunsu mafi tsawo a nan Turai, can kudu a kan iyakarsu da Jamus da Beljiyam, mita 322 ne kacal. Allah ya hutar da su hawan tudu, su kuwa hutun ne ba sa so.

Ranar Asabar maƙwabcina na saman bene, dattijo mai jikoki, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa fuska a murtuke, wai kekensa ya samu matsala. Na ce me ya karye? Ya ce ba abin da ya karye, tuƙin ne ya yi sauƙi da yawa. Taubashi ka ji fa, sauƙi ne ya hana bawan Allah barci!

Na hau na gani da idona. Keken yana tsakiyar falo, an ɗaure tayar baya a jikin wani ƙarfe mai ƙafafu, tana gogar wata 'yar ganga, ga maganaɗisu a gefe yana riƙe gangar don kada ta juya da daɗi. A gabansa talabijin, a gefe fanka tana kaɗawa a tsakiyar hunturu, a ƙasa tawul na tare zufa. Sai ya hau ya yi ta taka feda awa guda cur, ya sauka a daidai inda ya hau. A talabijin ɗin, ta wata manhaja mai suna Zwift, wai yana hawan kwafin dutsen Alpe d'Huez na Faransa mai kwana 21. Kuma duk wata sai ya biya kuɗin wannan wahala!

Zaman da muka yi a rumfar mai facin ƙofar gida bai tafi a banza ba. Ina matsa tayar na ji ta yi laushi, gangar kuma da kyar take taɓa ta, shi ya sa take sulɓewa. Na ba ta iska, na goge ta tas, na ɗaure kusar da ke danna gangar a jikinta, na kai maganaɗisun ƙarshe, sannan na ɗora sarƙa a kan babban haƙori na gaba da ƙarami na baya. Dattijo ya hau. Kafin minti biyar ya yi jajawur yana haki, yana ta zuba mini godiya. Da yamma ya aiko mini da cuku. A duniya ban taɓa jin inda aka yi wa mutum tukuici don ya ƙara wa wani wahala ba sai nan. Ya ce ma zai sayi irin na'urar da ake cire tayar baya ɗungurungum a ɗora sarƙa a kanta, ita da kanta take ƙara nauyi idan tudu ya bayyana a talabijin. Wani kamfani na nan Holan, Tacx, yana ƙera ta, kuɗinta kuwa zai saya maka babur.

Sai na ba shi labarinka. Na ce ina da ɗan'uwa da yake ɗora buhun gero a keke, Ralen Baba, ranar kasuwa, ya keta rairayi da sarƙar da rabonta da mai tun ba a yaye shi ba, yana tafe yana mita. Wallahi idon dattijon har ƙyalli yake yi don sha'awa. Saboda haka ga sana'a ta samu: ni in riƙa turo maka ire-irensa, kai ka riƙa karɓar kuɗin ƙofa, su kai maka geron kasuwa suna murna, kana kwance a inuwa, wadda dama ita ce babbar gwanintarka.

A watan Disamba wajen ƙarfe huɗu da rabi rana take faɗuwa a nan. Ina idar da magariba sai in ji gurnanin keken ta saman silin, in san yana can shi kaɗai yana tsere ta manhajar nan da mutanen da bai taɓa haɗuwa da su ba. Ba na ganin laifinsa. Duhun yana da tsawo, kuma babu dandalin da mutum zai fita ya sami abokin hira. Ni ma a lokacin ne nake tuna yadda kake goya ni a kariya kana rantsuwa na fi buhun nauyi.

Ka gai da Inna da Kawu da yara duka. Ralen Baba kada a sayar, kada kuma ka kuskura ka sa wa sarƙar nan mai, ita ce jarinmu. In mai zuwa ya samu, a sako mini yaji da daddawa, sannan ka riƙa ɗaukar waya ranar Juma'a.

Naka,
Taubashinka na Holan