Jinjina Ga Ƙasar Zuma, Uwar Guragu

Allah ya ja zamanin manyan Tafa da Suleja, magada Abu Ja, 'ya'yan garin da ya gagari mayaƙan jihadi tun kafuwarsa a 1828, masu kyautar da har sunansu suka cire suka ba babban birnin tarayya. Wa zai yi gasar karamci da ku? Dutsen Zuma yana bayan naira 100, Ladi Kwali da tukwanenta suna bayan naira 20. A wasu garuruwan ana kulle kayan tarihi cikin gilashi. Ku kuwa, sarakunan hikima, ta tagar mota kuke miƙa wa gurgu tarihin, ya damƙe shi a hannu, ya bi ku da addu'a. Wane tallafin wasanni ne ya kai wannan daraja?

Ku dubi filin atisayen da kuka tanada: titin Abuja zuwa Kaduna kacokan, mai kwalta, ba kuɗin shiga. Yaron da shan inna ya shanye wa ƙafafu yana zaune kan allo mai taya, silifa a tafin hannu, yana kurɗawa tsakanin tirela da tanka a Madalla, hayaƙi na buɗe masa huhu. Wane koci ne a Ingila zai koyar da irin wannan zafin nama? Da irin allon nan Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, amma shi, bawan Allah, sai da ya wahalar da kansa da neman fili da raga da alƙalin wasa. Namu 'yan wasan sun fi ƙarfin raga.

Sakamakon wannan tsarin tarbiyya, wanda ƙasa baki ɗaya ta runguma, a bayyane yake. A gasar wasannin duniya ta Landan, 2012, masu ƙafa biyu sun dawo ko tagulla babu, naƙasassu suka kwaso lambobi 13. A Rio, 2016, zinare takwas suka ɗauko. Ashe mantawa da ɗan wasa ita ce takin bajinta, kuma ku ne manoman da ba a taɓa kamawa da ƙarancin wannan taki ba.

Sai dokar kare haƙƙin naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su yi hanyar keken guragu. Madalla da dattakun da ya hana ku gaggawa! Matakala na nan daram, kowace ɗaya makarantar ɗaga nauyi ce, ga mai hawa da ga ɗan'uwan da ya goyo shi. In kakar zaɓe ta kama, a jera kekuna sababbi cikin leda, a ɗauki hoto, maroƙi ya wasa mai girma, a sallami 'yan wasa da wuri don su samu cunkoson yamma bai watse ba.