Taƙaitaccen Bayani Kan Ranar 2 ga Fabrairu da Masu Haƙƙi a Cikinta

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, cewa ranar 2 ga Fabrairu awa 24 ce kamar sauran ranaku, amma masu da'awar mallakarta sun fi ƙarfin awoyin.

Mai haƙƙi na asali shi ne coci. Idan ka ƙirga kwana 40 daga Kirsimeti, a nan za ka sauka, ranar da Kiristoci ke tunawa da kai jariri Yesu Haikalin Urushalima. Tun ƙarni na 4 ake wannan idi, daga baya aka haɗa da sa wa kyandir albarka. Wannan babu jayayya a kansa.

Sai masu shigowa ta ƙofar madafa. Faransawa na soya siririyar wainar fulawa, su cilla ta sama daga kasko alhali ɗayan hannun na riƙe da tsaba, wai don kuɗi su zauna a shekarar. A Meziko kuwa ranar biyan bashi ce: wanda ya tsinci ɗan mutum-mutumi a cikin burodin 6 ga Janairu, shi zai ciyar da jama'a da dafaffen ƙullin masara. Ana samun masu haɗiye mutum-mutumin, amma wannan babi ne na likitoci.

Mas'ala mafi zurfi tana garin Punxsutawney, jihar Pennsylvania ta Amurka. Manoman Jamus sun daɗe da cewa idan dage ya fito rami ran idin kyandir ya ga inuwarsa, hunturu bai ƙare ba. Da jikokinsu suka yi ƙaura Amurka, sai suka naɗa wani ƙaton ɗan uwan kurege ya riƙe muƙamin, kuma tun 1887 ake zuwa jin fatawarsa a tudun Gobbler's Knob. Sunansa Phil.

Ga yadda hukuncin yake. Idan rana ta haska har ya ga inuwa, sauran mako 6 na sanyi. Idan gari ya lulluɓe, sanyi ya kusa tafiya. Ɗalibi mai gaggawa zai ce an juya lissafin, to ya yi haƙuri, ba a tambayar dalili a wannan fanni. Da asuba wasu dattawa masu dogayen baƙaƙen malfuna ke ciro shi daga kututture, shugabansu ya duƙa ya saurare shi cikin harshen kurege, wanda yake ji albarkacin wata sanda da ya gada, sannan a karanta wa dubban mutane masu rawar ɗari.

Dattawan sun tabbatar cewa Phil ɗin 1887 ne har yau, domin yana kurɓar wani tsimi na tsawon rai, ko da yake 'yan uwansa na daji da wuya su wuce shekara 6. Masana yanayi na gwamnati sun bi diddigin fatawoyinsa suka ga bai kai rabi ba wajen dacewa, wato da ya yi shiru aka jefa kwabo da an fi samun daidai. Wannan bai rage masa almajirai ba.

Akwai saɓani tsakanin mazhabobi. Kanada na bin nasu kuregen, Wiarton Willie, mutanen New York na bin nasu, Chuck, kuma sau da yawa ba sa yin ittifaƙi. Marubucin wannan bayani ya karkata ga Chuck, saboda ya taɓa bayyana ra'ayinsa ba tare da tafinta ba: a 2009 ya gantsara wa magajin gari Michael Bloomberg cizo a yatsa.